Bob Hayes (1942–2002): Ɗan Tseren da Ya Sake Fasalin Ƙwallon Amurka

Gabatarwa

Tun daga 1967, sa'ad da aka fara yin wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa irin ta Amurka wanda ake kira Super Bowl, mutum ɗaya kurum ya taɓa haɗa zoben da akan ba waɗanda suka ci wannan wasa da lambar zinariya ta wasannin Olamfik. Mutumin nan shi ne Robert Lee Hayes, wanda aka fi sani da Bob Hayes, baƙar fata ɗan jihar Fulorida, wanda mutanen ƙasarsa suka yi wa laƙabi da Harsashi saboda tsananin gudunsa. Yawancin waɗanda suka san sunansa a wajen Amurka sun san shi ne da tseren mita 100 da ya ci a Tokiyo cikin 1964. Wannan maƙala za ta ba da labarin tseren nan, amma za ta fi tsayawa a kan shekara 11 da ya yi yana sana'ar cafe ƙwallo, da abin da ya same shi bayan ya bari. Manufata ita ce in nuna cewa Hayes ɗan ƙwallo ne tun kafin ya zama ɗan tsere, shi ya sa ya ci nasara inda takwarorinsa masu gudu suka kasa, in kuma nuna cewa horon da 'yan uwansa ma'abota wasa suka yi masa a kan laifinsa ya fi wanda alƙali ya yi masa tsawo nesa ba kusa ba.

Yadda Ake Wasan

Da yake wasan nan baƙo ne a wurinmu, ya kamata a yi wa mai karatu ɗan bayani kafin a shiga labari. Ko da yake ƙwallon ƙafa suke ce masa, hannu ya fi ƙafa aiki a cikinsa. Ƙwallon ba kewayayya ba ce irin wadda muka sani, siffar ƙwai gare ta, da tsini a kowane kai. Filin yana da tsawon yadi 100 daga wannan layin gida zuwa wancan, sa'an nan bayan kowane layi akwai wani fili mai zurfin yadi 10, wanda shi ne gidan. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ɓangaren da ƙwallo ke hannunsa akan ba shi dama 4 ya matsa gaba yadi 10. In ya cika, a sake ba shi wasu 4. In ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda duk ya shiga gidan abokan karawa riƙe da ƙwallo, ko ya cafe ta a ciki, ya samo wa ƙungiyarsa maki 6, kuma shi ne abin da zan riƙa kira babban ci.

Hanyar matsawa gaba iri biyu ce. Ko dai a danƙa wa wani ƙwallo ya rungume ta ya kutsa cikin mutane har a kayar da shi, ko kuwa jagoran 'yan wasa, wanda zan kira majefi, ya ja da baya ya wurga ta sama zuwa ga wani da ya riga ya sheƙa gaba. Shi mai sheƙawar nan yakan tsaya can gefen fili, nesa da cunkoso, kafin a fara kowane yunƙuri. Shi zan kira macafi. Tun kafin a fara an riga an tsara masa hanyar da zai bi: yadi nawa zai miƙe, ina zai karya kwana, ciki ko waje. Majefi ba ya jiran ya isa, wurin da ya san zai kai yake jefa ƙwallo. Saboda haka tilas macafi ya kasance a wurin a kan kari, ya waiwaya ya cafe ta ta bisa kafaɗa yana cikin gudu, alhali kuwa ya san wani ƙato na tafe zai banke shi da zarar ta taɓa hannunsa. Mai karatu ya riƙe wannan bayani, domin a kansa hujjar maƙalar nan ta dogara.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Hayes ran 20 ga Disamba, 1942, a birnin Jacksonville da ke arewa maso gabashin Fulorida. A zamanin nan dokar jihohin kudancin Amurka ta raba Turawa da baƙaƙen fata a kusan kome, daga makaranta da gidan abinci har filin wasa. Ya tashi cikin talauci a unguwar baƙaƙe ta gabashin birnin, ya yi sakandare a makarantar Matthew Gilbert, wadda ta baƙaƙe ce zalla. Cikin 1958 ƙungiyar ƙwallon makarantar ta gama shekara ba a ci ta ko sau ɗaya ba, ta zama zakara a tsakanin makarantun baƙaƙe na jihar. Hayes yana cikin ƙungiyar, amma ɗan jiran gado ne, ba ya cikin waɗanda ake fara wasa da su. Ba su sami damar gwada ƙwanji da zakarun makarantun Turawa ba, don doka ta hana. Ran 27 ga Agusta, 1960, yana da shekara 17, gungun Turawa suka far wa samarin baƙaƙe da ƙotar gatari a tsakiyar Jacksonville, saboda sun zauna a gidajen abincin da aka hana su zama. Irin garin da ya fito ke nan.

Manyan jami'o'in jihar ba su fara sa baƙar fata cikin ƙungiyoyinsu na ƙwallo ba sai wajen ƙarshen shekarun 1960, saboda haka Hayes ya tafi Jami'ar Aikin Gona da Kanikanci ta Fulorida, watau FAMU, a Tallahassee, wadda aka kafa domin baƙaƙe cikin 1887. Abin lura a nan shi ne, da ƙwallo ya sami gurbin karatu kyauta. Mai horar da ƙungiyar jami'ar, Jake Gaither, gwani ne da ya ci wasa fiye da 200 tsakanin 1945 da 1969, kuma a hannunsa Hayes ya yi shekaru yana ɗaukar ƙwallo yana kutsawa cikin ƙarti, yana shan banka yana tashi. Tsere aikin bazara ne a wurinsa, lokacin da babu ƙwallo.

Sai ga shi aikin bazarar ya fi na kaka ɗaukaka shi. Cikin 1962 ya yi gudun yadi 100 a sakan 9.2, daidai da bajintar duniya ta lokacin. Cikin 1963, a birnin St. Louis, ya rage ta zuwa 9.1, ba a kuwa sami wanda ya karya wannan ba sai 1974, da Ivory Crockett ya yi 9.0. Waɗanda suka ga gudunsa sun ce ba shi da kyan gani. Mutum ne ginanne mai faɗin ƙirji, nauyinsa wajen kilo 85, yatsun ƙafarsa suna karkata ciki, yana gudu yana rangaji kamar mai shirin ture bango. Gudun ɗan ƙwallo ne aka kawo filin tsere.

Tokiyo, 1964

Wasannin Olamfik na Tokiyo su ne na farko da aka yi a nahiyar Asiya, kuma a nan ne Nijeriya ta sami lambarta ta farko, ta tagulla, wadda Nojim Maiyegun ya ci a dambe. An yi tseren ƙarshe na mita 100 ran 15 ga Oktoba. Abubuwa biyu suka taru a kan Hayes ran nan. Na ɗaya, ƙuri'a ta ba shi layi na farko, watau na can ciki. Filin tseren na burbushin gawayi ne da aka daddaɓe, ba irin shimfiɗar roba ta yanzu ba, kuma masu gasar tafiya ta kilomita 20 sun riga sun tattake layin nan sun farfasa shi. Na biyu, da ya buɗe jakarsa sai ya tarar da takalmin gudunsa ƙafa ɗaya ne, ɗayan ya baro shi a masauki, dole ya ari na wani ɗan ƙasarsu mai gudun mita 800, Tom Farrell. Da takalmin aro, a kan layin da ya fi kowane lalacewa, ya gama cikin sakan 10.0 bisa agogon hannu, ko 10.06 bisa na lantarki, ya yi daidai da bajintar duniya. Enrique Figuerola na Kuba ya zo na biyu da 10.2, Harry Jerome na Kanada na uku. A tseren mita 100 ratar sakan 0.2 wajen mita 2 ce, kuma a wasan ƙarshe na Olamfik wannan rata ce babba ƙwarai.

Bayan kwana 6, ran 21 ga Oktoba, aka yi gudun miƙa sanda na mutum 4, kowa mita 100. Paul Drayton ya fara wa Amurka, sai Gerry Ashworth, sai Richard Stebbins, Hayes ne na ƙarshe. Miƙa sandarsu ba ta yi kyau ba, har ya zama lokacin da ta iso hannun Hayes ƙasashe da dama suna gabansa, Faransa ce kan gaba da 'yan mitoci. Kafin a kai rabin hanya ya cim musu, kafin a kai ƙarshe ya bar su da wajen mita 3. Amurka ta gama cikin sakan 39.0, sabuwar bajintar duniya, Folan ta biyu, Faransa ta uku. Masu agogon hannu sun saɓa a kan nasa kason, amma duk sun sa shi ƙasa da sakan 9. Ya kamata a tuna cewa mai karɓar sanda yana cikin gudu yake karɓa, don haka ba a gwada lokacinsa da na wanda ya tashi daga tsugune. Duk da haka har yau masana tsere suna lissafa gudun nan cikin mafiya ban mamaki da aka taɓa gani.

Shi ne kuwa tserensa na ƙarshe, yana da shekara 21. Dokar Olamfik ta wancan zamani ta hana ɗan wasa karɓar kuɗi a kan wasa. Ita ce dokar da aka kafa hujja da ita cikin 1913 aka ƙwace lambobin Jim Thorpe na 1912. Yaron da ya fito daga gidan talakawa ba zai ci lambar zinariya ya ƙoshi ba, kuma ƙwallo ce ke biyan albashi.

Zuwansa Dallas

Ƙungiyoyin ƙwararru na Amurka suna da al'adar zama kowace shekara su zaɓi ɗaliban jami'a bi da bi, zagaye bayan zagaye. A zaman da aka yi cikin Disamba 1963, tun kafin Tokiyo, ƙungiyar Dallas Cowboys ta jihar Teksas ta ɗauki Hayes a zagaye na 7, watau bayan an riga an ɗauki mutum 87, da sharaɗin sai ya gama wasansa na jami'a. A zaman nan ne ta ɗauki Mel Renfro da Roger Staubach, dukansu uku daga baya suka shiga sahun gwanayen wasan. Dalilin da ya sa aka bar shi har zagaye na 7 ba ɓoyayye ba ne. An riga an gwada 'yan tsere an ga ƙarshensu. Ray Norton, wanda ya wakilci Amurka a Olamfik ta 1960, ya shiga ƙungiyar San Francisco bai yi wani abin kirki ba. Frank Budd, mai bajintar 9.2 a yadi 100, ya yi shekara 2 ya fita. Ra'ayin masu horarwa shi ne ɗan tsere ya iya miƙewa ne kurum, bai iya karya kwana ba, hannunsa ba ya riƙe ƙwallo, kuma da ya sha banka ɗaya sai zuciyarsa ta mutu.

Dallas kanta ƙungiya ce sabuwa, an kafa ta cikin 1960, kuma a shekararta ta farko ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Har zuwan Hayes cikin 1965 ba ta taɓa gama shekara da nasara ta kai yawan faɗuwa ba. Mai horarwa Tom Landry ya ɗauke shi daga aikin ɗaukar ƙwallo da ya saba a jami'a ya mai da shi macafi, ya ba shi riga mai lamba 22. A shekarar farko ya cafe ƙwallo 46, ya tafi da su yadi 1,003, ya yi babban ci 12, ba macafin da ya fi shi babban ci a gasar NFL. A ta biyu ya cafe 64, yadi 1,232, babban ci 13, ya sake zama na ɗaya. Ran 13 ga Nuwamba, 1966, a Washington, ya tara yadi 246 a wasa guda, ciki har da jifa ɗaya daga majefi Don Meredith wadda ta ci yadi 95, kusan tsawon filin duka. Dallas ta yi kunnen doki cikin 1965, nasara 7 faɗuwa 7, sa'an nan cikin 1966 ta ci 10, daga nan kuwa sai da ta jera shekara 20 nasararta tana rinjayar faɗuwarta. Ba Hayes kaɗai ya kawo wannan ba, amma da zuwansa aka fara.

Abin da ya fi alƙaluman nan muhimmanci shi ne yadda ya tilasta wa abokan karawa su sake tsarin tsaronsu. Tsarin da aka fi amfani da shi a lokacin shi ne kowa ya riƙe nasa, watau a ba kowane mai tsaro macafi ɗaya ya bi shi duk inda ya nufa. To, wa zai bi mutumin da ya fi kowa gudu a duniya? Mai tsaro in ya matso kusa, Hayes ya wuce shi. In ya ja baya yadi 10 ko 15 don tsoro, Meredith ya miƙa masa gajeriyar jifa a filin da aka bari, ya cafe ya juya, ya zama mai ɗaukar ƙwallo irin na Gaither, sai dai yanzu mutum ɗaya ne a gabansa maimakon bakwai. Maganin da masu horarwa suka komawa shi ne tsaron yanki: a raba bayan fili kashi-kashi, kowane mai tsaro ya tsare yankinsa, a ajiye wani can baya domin kada a wuce kowa da kowa. Wasu kuma suka riƙa sa mutum ya tare shi da ƙirji tun a layin farawa, kafin ya ɗauki wuta.

An sha faɗa cewa domin Hayes aka ƙago tsaron yanki. A ganina wannan zuzutawa ce. Tun cikin 1950 ƙungiyar New York Giants take da tsarin da ake kira na laima, wanda ke ajiye masu tsaro huɗu a baya, kuma Landry da kansa yana cikin waɗanda suka yi wasa a tsarin nan. Abin da za a iya cewa ba tare da ƙari ba shi ne, dabarar da a da akan ɗauko jefi-jefi ta zama dole ga duk wanda zai kara da Dallas, daga nan ta bazu. Wata riba kuma da ba ta shiga lissafinsa ita ce, duk sa'ad da mutum biyu suka bi shi can baya, an rage masu tare 'yan uwansa a gaba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan cewa ba gudu kaɗai ba ne ta zo daga waɗanda suka biyo bayansa. Ganin abin da ya yi, ƙungiyoyi suka shiga farautar 'yan tsere. Jim Hines, wanda ya ci mita 100 a Meziko cikin 1968 da sakan 9.95, ya shiga Miami Dolphins, ƙwallo 2 kacal ya cafe cikin 1969. Tommie Smith, zakaran mita 200 na shekarar nan, ya shiga Cincinnati Bengals ya cafe 1. Ba wanda zai ce Hines ba shi da gudu. Abin da ba shi da shi shi ne shekarun da Hayes ya yi yana shan banka a Jacksonville da Tallahassee.

Wasanni Biyu da Green Bay

Masu sukar Hayes kullum wasanni biyu suke kawowa, kuma ba daidai ba ne a tsallake su. Na farko shi ne wasan zakarun NFL na ran 1 ga Janairu, 1967, a Dallas, da ƙungiyar Green Bay Packers ta Vince Lombardi. Ana saura kaɗan a tashi, Green Bay na gaba da 34 da 27, Dallas ta kai bakin gida, saura yadi 2, dama ta ƙarshe. A irin wannan wuri akan fitar da Hayes a sa Frank Clarke, wanda ya fi shi girma ya kuma saba tare mutane, amma ran nan ba a yi canjin ba. Dave Robinson na Green Bay ya wuce Hayes ya cafki Meredith, shi kuwa ya wurga ƙwallo a gigice ta faɗa hannun abokan karawa. Laifin a nan na wanda ya bar shi a wurin da ba nasa ba ne.

Na biyu ya fi nauyi. Ran 31 ga Disamba, 1967, suka sake haɗuwa, wannan karo a Green Bay, can arewa, cikin sanyin da ya kai digiri 25 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Fili ya daskare ya zama kamar dutse. 'Yan Green Bay sun ba da labari daga baya cewa sun lura in ba za a jefa ƙwallo ba Hayes yakan cusa hannuwansa cikin wando don sanyi, in za a jefa kuwa ya fito da su, da haka suka riƙa gane abin da Dallas za ta yi. Ƙwallo 3 ya cafe, yadi 16, aka ci su 21 da 17 a sakan na ƙarshe-ƙarshe. Wannan aibi ne, ba a musu. Sai dai masu kawo shi sukan manta cewa mako guda kafin nan, a wasan da ya kai su Green Bay ɗin, Hayes ne ya wargaza Cleveland Browns, ya yi babban ci na yadi 86, ya kuma dawo da ƙwallon da aka buga musu da ƙafa mai nisa har sau biyu, Dallas ta ci 52 da 14.

Ran 20 ga Disamba, 1970, ranar da ya cika shekara 28, ya yi babban ci 4 a wasa ɗaya da Houston Oilers. A ƙarshen kakar nan Dallas ta kai Super Bowl, Baltimore Colts ta ci ta 16 da 13. Da shekara ta kewayo, ran 16 ga Janairu, 1972, a New Orleans, Staubach yana majefi, Dallas ta ci Miami 24 da 3. Hayes bai yi wani abin a zo a gani ba a wasan, da ƙasa aka fi cin Miami ran nan, amma zoben ya shiga hannunsa. Daga nan ƙafa ta fara sanyi, samari irin su Drew Pearson da Golden Richards suka karɓe wurinsa. Cikin 1975 aka mai da shi San Francisco, ya yi 'yan wasanni aka sallame shi. Jimillar aikinsa ita ce ƙwallo 371, yadi 7,414, babban ci 71 ta hanyar cafewa. Watau kowace cafewa yadi 20 ce a kan matsakaici, kuma kusan ɗaya cikin kowace biyar ta ƙare a gidan abokan karawa.

Ɗauri da Abin da Ya Biyo Baya

Cikin 1978 aka kama shi a yankin Dallas bisa zargin hannu a sayar da hodar iblis da ƙwayoyin sa maye ga wani ɗan sandan ciki. Cikin 1979 ya amsa laifinsa a gaban kotu, aka yanke masa shekara 5, ya yi wata 10 a kurkuku aka sake shi bisa sharaɗi. Wata 10 ba wani dogon zamani ba ne, amma ya fito ya tarar da ƙofofin da sunansa ke buɗe masa duk sun rufe. Giya, wadda dama yana sha, ta kama shi sosai, ya shiga gidan jiyyar mashaya fiye da sau ɗaya. Bai ɓoye wannan ba a littafin tarihin rayuwarsa, Run, Bullet, Run, wanda ya fito cikin 1990. Daga baya ya koma Jacksonville, ya kuma koma FAMU ya ƙarasa karatun da ƙwallo ta katse masa, ya karɓi digirinsa na koyar da 'yan firamare cikin 1994, yana da shekara 51.

Babbar karramawa ga ɗan ƙwallon Amurka ita ce a sa shi cikin Zauren Gwanaye da ke garin Canton a jihar Ohayo, inda akan ajiye mutum-mutumin kansa na tagulla. Kwamitin marubuta labarin wasanni ke zaɓe, kuma mutum yakan cancanta bayan shekara 5 da barin wasa. Lokacin Hayes ya zo ne daidai fitowarsa daga kurkuku, aka yi shiru da sunansa, shirun ya kai shekara 20 da wani abu. Waɗanda suka ƙi shi sun kafa hujja da wasannin Green Bay, da cewa shekarun ganiyarsa ba su da yawa. Ni dai hujjar nan ba ta gamsar da ni ba. Cikin 2001 aka shigar da Lynn Swann na Pittsburgh, wanda ya cafe ƙwallo 336, yadi 5,462, babban ci 51, duka ƙasa da na Hayes. Gaskiya ne Swann ya yi abin mamaki a wasannin Super Bowl, wanda Hayes bai yi ba, amma ba wanda ya taɓa cewa an sake tsarin tsaro saboda Swann. In kuwa laifin ne dalili, ƙa'idar Zauren ita ce abin da mutum ya yi a fili kaɗai ake dubawa, kuma da ita aka shigar da Lawrence Taylor cikin 1999 duk da sanannen tarihinsa da ƙwaya. Ita ma ƙungiyarsa ta Dallas ba ta rubuta sunansa cikin jerin gwanayenta a filin wasanta ba sai Satumba 2001, shekara 26 bayan ya bar ta, lokacin ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa.

Rasuwarsa

Ya yi fama da ciwon daji na mafitsara da ciwon hanta, daga bisani ƙoda ta kasa. Ya rasu a Jacksonville ran 18 ga Satumba, 2002, yana da shekara 59. Cikin 2004 aka gabatar da sunansa ga kwamitin Canton, ya kai zagayen ƙarshe aka kayar da shi, abin da ya sa marubucin nan Paul Zimmerman na mujallar Sports Illustrated ya ajiye kujerarsa a ƙaramin kwamitin da ke gabatar da tsofaffin 'yan wasa. Sai ran 31 ga Janairu, 2009, aka zaɓe shi, aka yi bikin shigar da shi cikin Agusta na shekarar, Staubach ne ya gabatar da shi, ɗansa ya tsaya a madadinsa. Shi ne mai lambar zinariya ta Olamfik na biyu da ya shiga Zauren, bayan Jim Thorpe. Babban ci 71 da ya yi wa Dallas ba wanda ya wuce shi a ƙungiyar sai cikin 2017, da Dez Bryant ya yi, a zamanin da ake wasa 16 a shekara maimakon 14, ake kuma jefa ƙwallo fiye da yadda Meredith ya taɓa jefawa.